'Yan Aiki Ba Su San An Yi Rasuwa Ba

Waɗanda suka zo mana gaisuwar Gwaggo washegarin jana'iza, abin da suka tafi da shi a baki ba kukanmu ba ne, hayaƙi ne. Tun daga bakin layi ake hango shi yana tashi daga bayan gida, ga warin ƙwarar kaɗanya tana tafasa, irin warin da in ya kama zane sai an wanke. Wata tsohuwa ta shigo da salati, ta zauna, ta yi addu'a muka shafa, sannan ta matso kusa da kunnena ta ce, "'Yar nan, gobara ce ko biki?" Na ce, "Aiki ne, Inna." Ta dube ni, ta dubi hayaƙin, ta gyara mayafinta.

Wasu sun fita suna cewa ba su taɓa ganin haka ba a Birnin Gwari, a ce jiya aka kai mutum makwancinsa yau an ɗora tukunyar sana'a a gidansa. Wasu kuma, yawancinsu waɗanda ta koyar a makaranta, da suka shaƙi warin sai suka yi murmushi hawaye na zuba. Wani direban babbar mota, ƙato mai furfura a gemu, ya tsaya a bakin zaure ya ɗaga hanci ya ce, "Wallahi Malama ce." Har yau ana maganar a unguwa, kowa da yadda yake ba da ita. Ni aka fi zagi a ciki, don haka ni ya kamata in faɗi yadda aka yi, in kuma faɗi wace ce matar da aka yi dominta. Daga Allah muke, gare shi za mu koma, ita ta riga mu isa.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina ƙarama, don Allah bai ba ta haihuwa ba. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka ita da ƙanenta, Baffa, ba wanda ke iya kiran sunana. Uwata suke ce mini. Kada wani ya ɗauka wannan ya sa ta raga mini. Da bakin da take cewa Uwata, da shi take cewa, "Uwata, wannan wanke-wanken da idonki a rufe kika yi shi?"

Malamar kimiyya ce a sakandare har ta yi ritaya. Doguwa, siririya, mai saurin tafiya, kullum da garin alli a gefen hijabinta. Tana da gilashi amma ba ta duba mutum ta cikinsa, ta samansa take leƙo ka, kuma in ta leƙo ka haka gara ka faɗi gaskiya. Ba ta shan shayi da sukari, ba ta yarda da maganin da ba a san abin da ke cikinsa ba, ba ta kuma son a ce mata "haka muka taras." In ka faɗa mata haka sai ta ce, "Kun taras, to kun tambaya?"

Darasinta guda ɗaya ne duk wanda ya bi ta hannunta yake tunawa, kuma shi direban nan ya ba mutanen zaure labarinsa ranar. Takan shigo aji da ƙananan kwanoni biyu, ɗaya da narkakken man kaɗe, ɗaya da man gyaɗa, ta sa su cikin ruwan sanyi na randa, ta ci gaba da magana kamar ta manta da su. Can sai ta ɗago su. Man kaɗe ya daskare, man gyaɗa yana nan yana malala. Sai ta ce, "Jikinku duka, daga gashi har farce, ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana da fata da ta kewaye ta. Kun ɗauka katangar ƙasa ce? Mai ne. Mai ne shimfiɗa biyu, siriri, ɗaya a kan ɗaya. In ya daskare kamar wannan, ƙwaya ta shaƙe, abinci ba ya shiga, datti ba ya fita. In ya yi ruwa fiye da kima, ta tsiyaye. To wa ke gyara ma'aunin?"

Kowa a ajin ya san ba amsa take jira ba.

"'Yan aiki," in ji ta. A littafi enzayim ake kiransu, kuma ranar jarrabawa haka take so ka rubuta, amma a bakinta 'yan aiki ne. Ta ce wasu ƙera sabon mai suke yi su liƙa a fatar, wasu su yanke wanda ya yi yawa ko ya tsufa, wasu su ɗauko daga shimfiɗar waje su juyar da shi ciki. In sanyi ya zo, akwai waɗanda ke sassauta man don kada ya ƙame, shi ya sa kifin rafi ba ya sandarewa a ruwan da kai ba ka iya sa ƙafa. Ba sa barci, ba sa zuwa hutu, ba kuma sa aiki don suna son ka. Abin da aka halitta su su yi, shi suke yi. "Muddin mai ƙerawa da mai yankewa suna tafiya daidai, kana raye," in ji ta. "Ran da ɗaya ya fi ƙarfin ɗaya, sai asibiti."

Ni a gida na sha wannan darasi, ba a aji kaɗai ba, har ya fita mini a rai. Ba a yanka kaza a gidanmu a ci lafiya sai an nuna maka kitsenta. Wata rana na ce mata, "Gwaggo, don Allah a bar mu mu ci tuwo ba tare da 'yan aiki ba." Ta ce, "Gwada mana. Su ne za su narkar miki da shi."

Ba da allo kaɗai ta san su ba. Mahaifiyarsu mai man kaɗe ce, a gonar gado da ke hanyar Kakangi ta tashi tana tsintar 'ya'yan kaɗanya da damina. Tun tana yarinya ta ga ana cire naman 'ya'yan, a dafa ƙwarar da wuri kafin a shanya, amma ba wanda ya taɓa gaya mata dalili. Sai da ta je kwaleji ta gane. A cikin ƙwara akwai mai, akwai kuma 'yan aiki a kwance, fata ta raba su. In ƙwarar ta faɗo ta sha danshi, sai su farka su fara yanka man nan don ciyar da tsiro. Ga itace wannan alheri ne. Ga mai sana'a kuwa asara ce, don man da aka yanka ya zama mai ɗaci da wari, ya yi duhu, ba mai shafa shi ba mai miya da shi. Abu ɗaya ke tsayar da su, zafin tafasa. Takan ce ranar da ta fahimci wannan ta yi ta dariya ita kaɗai a ɗakin karatu, don ta ga ashe tsohuwarta ta daɗe tana kashe 'yan aiki ba ta san sunansu ba.

Kan itatuwan gonar nan ne ta yi faɗan da ya fi kowane girma a rayuwarta, kuma da Baffa ta yi shi. Wata shekara masu gawayi suka zo masa, ya sayar musu da kaɗanyun gonar ba tare da ya shawarce ta ba. Ya ce inuwarsu na hana masara, kuma shi ke noman. Da ta je ta tarar da kututtura, ba ta yi kuka ba. Ta dawo ta same shi a zaure cikin abokansa ta ce, "Itacen da ya girme ka, ya girmi ubanka, ka mai da shi buhun gawayi. Allah ya sa naman da za a gasa da shi ya yi daɗi." Shi ma da zuciyarsa, ya ce ai ba da boko ake noma ba. Daminar nan gaba ɗaya gaisuwa kaɗai ke haɗa su, ita ma a taƙaice. Ni ce 'yar aike a tsakani, in kai tuwo in dawo da kwano. Daga baya sun shirya, kamar yadda 'yan'uwa ke shiryawa, ba wanda ya ba wani haƙuri. Amma ko sau ɗaya ban ƙara jin an ambaci kaɗanya a gabansu su biyu ba.

Sai daji ya lalace. Ba sai na tsaya bayani ba, kowa a nan ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukanmu. Gonar gadon ma ta gagari zuwa. Mutane suka yi ta kwararowa cikin gari daga wajen Gwaska da Kazage, mata da yara sun fi yawa, wasu mazansu an kashe, wasu ba a san inda suke ba. Aka cusa su a ɗakunan haya da shagunan da ba kowa, iyali guda a ɗaki guda.

A cikinsu akwai aminiyar Gwaggo ta ƙuruciya, Bagwariya ce Kirista, tare suka yi tsintar kaɗanya suna yara. Mama muke ce mata. Ta iso da ƙullin kaya a kafaɗa da jikoki a bayanta, ba ko takalmi. Gwaggo ta ba ta ɗaki, ta ba ta zane, suka zauna suna hira rabi Hausa rabi Gwaranci. Da mutanen unguwa suka fara aiko wa matan da tsofaffin kaya da ragowar abinci, Gwaggo ta karɓa ta gode, amma ta ce da Mama, "Ƙawa, wannan ba zai kai ku ko'ina ba. Hannunku ya iya mai. Tara mini matan."

Da kuɗin fanshonta ta sa aka gina murahu a bayan gida, aka yanka duro gida biyu aka yi tukwane, aka shafe fili da siminti don shanya, aka kafa rumfar kwano saboda ruwa. Ta saya musu dogayen takalman roba ta ce ba mai shiga ciyawa ba tare da su ba. Wata ta ce da zafi. Gwaggo ta leƙo ta ta saman gilashi ta ce, "A cikin dafin maciji akwai 'yan aikin da ba su san komai ba sai yanka fatar ƙwayoyin jikinki, ba mai ƙerawa a bayansu. Shi ya sa ƙafa ke kumbura ta ruɓe. Zaɓi, zafi ko wannan." Matar ta sa takalmi.

Musulmi da Kirista ne a bayan gidan nan, ana dakan ƙwara ana tsokanar juna. Man da suke fitarwa fari ne tas, ba ɗaci, har daga Kaduna ake aiko saye. Da shi suke biyan haya, da shi yara suka koma makaranta. Sirrinsa kuwa ba wani abu ba ne illa masifar Gwaggo. Ƙwara ba ta kwana da yawa a gidanta ba a dafa ba. In wata ta ce ta gaji, ko tana da suna, ko gobe Lahadi, amsa ɗaya ce: "'Yan aiki ba su san da wannan ba."

Daminar da ta rasu ta zo da wuya. Kaɗanya ta yi 'ya'ya sosai, amma ba mai iya shiga daji. 'Ya'yan suna ta zuba suna kwance a ƙasa cikin ruwa. Matan suka yi ta jira har aka samu rana guda da 'yan sa-kai suka yarda za su raka su bakin daji, suka kuma faɗa musu a fili cewa ba za a sake ba a bana. Suka fita da sassafe da takalmansu, muka zauna da zuciya a hannu. La'asar sakaliya suka dawo, kowace da buhu a kafaɗa, wata mota kuma ta biyo su da sauran buhunan. Duka suka dawo, ba wadda ta ɓace. Gwaggo ta tsaya a ƙofar baya tana taɓa kowace a kafaɗa tana wucewa, kamar mai duba ko da gaske ne.

Aka zube a ƙarƙashin rumfa, tsibi har ƙirjina. Abincin shekararsu ke nan gaba ɗaya. Gwaggo ta tura hannu cikin tsibin ta ciro, ta fasa ɗaya da dutse ta duba, fuskarta ta canza. Ta ce sun daɗe a ƙasa, sun riga sun farka. Ta ce a kwana ana cire nama in da hali, amma ko ta yaya gobe wuta.

Washegari da hantsi tana zaune a kujerarta ta tsuguno tana nuna inda za a jera itace, sai ta ce kanta na juyawa. Dama tana fama da hawan jini. Na kawo mata ruwa, ta sha kaɗan, ta jingina da ni. Ta yi kalmar shahada a hankali, sarai, kamar yadda take karanta sunayen 'yan aji. Kafin a samo mota ta cika. Itacen yana nan a jere, ba a kunna ba.

Ba zan iya ba da labarin sauran ranar ba. Na san an yi mata wanka, an sallace ta bayan azahar, an tafi da ita. Na san gida ya cika. Maƙwabta suka yi ta shigo da abinci, don a al'adarmu gidan makoki ba ya hura wuta, balle wutar neman kuɗi. Na yi kuka har muryata ta dushe. Uwa ce ta tafi, ba ni da wata.

Da gari ya waye an yi ruwa, sannan rana ta fito da zafi. Matan suka zo gaisuwa a jere, suka zauna a gefe guda, suka yi kukansu na gaskiya. Amma na lura da idanunsu. Kowace in ta share hawaye sai idonta ya zame ya nufi ƙofar baya, sai ta yi sauri ta sunkuyar da kai. Kunya ba za ta bar su su ambaci tsibin ba.

Na tashi na zaga. Tun kafin in isa na ji wari ya sauya, ya fara tsami. Na tura hannu cikin tsibin kamar yadda na ga ta yi, na ji ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Na ciro ɗaya, ga ɗan farin tsiro ya fasa ɓawo ya leƙo. Mama ta biyo ni ta tsaya a bayana.

"Mama, zai kai sadakar bakwai?"

Ta girgiza kai. "Ko uku ba zai kai ba, 'yata. Amma kada ki ce komai. Ta yi mana abin da ba wanda ya yi. Ba za mu sa a zage ta a gidanta ba. Allah zai ba mu wata shekara."

"Wace shekara? Haya za ta jira wata shekara?"

Na tambaye ta ko za a kwashe a kai wani wuri. Ta ce ina? Su da ke kwana a ɗaki guda da yara, wa ke da murhu, wa ke da filin shanya? Kuma kwasar ma ta zaure za a bi da buhuna, ta tsakiyar maza masu zaman makoki.

Na sa hijabi na aika a kira mini Baffa. Yanzu shi ne babba, gidan a hannunsa yake. Ya shigo soron ciki da carbi, idanunsa jajur. Tun jiya bai ci komai ba. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da nake so.

Ya dube ni kamar bai ji daidai ba. "Wuta? Yau? Uwata, ƙasar kabarinta ba ta bushe ba."

"Na sani, Baffa."

"Mutane daga ko'ina suna zuwa. Su tarar muna dafa ƙwara? Su ce dama jira muke ta kauce? A'a. A bari a yi bakwai, sannan su yi abin da za su yi."

"In an kai bakwai ba abin da za a dafa sai shara."

"To Allah ya ƙaddara haka. Ba za a ce a kaina aka wulaƙanta Yaya ba."

Raina ya ɓaci, kuma na gaji zuciya a wurin wadda ta rene ni. Amma da na dubi fuskarsa, na gane ba taurin kai ne kaɗai ba. Mutumin da ya taɓa ɓata mata rai a kan kaɗanya ne, yana tsoron ya sake yi mata laifi, yanzu da ba damar gyarawa. Sai na sassauta murya. Na kama hannunsa na buɗe, na sa masa ƙwarar nan mai tsiro a tafi.

"Baffa, dubi. Jiya da safe babu wannan. Mu mun san an yi rasuwa, mun zauna. 'Yan aiki ba su san an yi rasuwa ba."

Ya dubi abin da ke hannunsa. Ya shafa ɗan tsiron da babban yatsa. Can ya yi wata 'yar dariya da ta fi kuka ciwo, ya ce, "Har da muryarta kika ɗauko."

Na ce, "Maganarta ta ƙarshe a kan itacen nan ce. Ita ta sa aka jera shi. Addini bai hana ba, Baffa, bakin mutane ne kawai. Matan nan sun shiga daji da ransu a hannu. In ka ce a'a, ba zan kunna ba, gidanka ne. Amma kai za ka zo ka gaya musu, ni ba zan iya ba."

Ya rufe hannunsa a kan ƙwarar. Ya juya ya nufi zaure, na ɗauka shi ke nan. A bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba, ya ce, "Uwata ta yi magana. A kunna. Zagin kuma a turo mini shi zaure."

Ni na ƙyasta ashana. Itacen ya ɗan sha danshi, ya yi ta hayaƙi kafin ya kama, shi ne hayaƙin da aka gani daga bakin layi. Matan suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka ɗaura ɗankwali a ƙugu. Ba wanda ya yi waƙa kamar yadda aka saba, ba tsokana. Ana cire nama, ana wankewa, ana zubawa a duro, ana tsamewa, ana bazawa a siminti, hawaye na zuba ba mai sharewa don hannu ba sarari. Ni ina kai da kawo, in zauna a tabarma in karɓi gaisuwa, in tashi in je in tura itace.

Abin da ya faru a zaure, direban nan ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce wani dattijo ya fara magana a kan hayaƙin, cewa yaran yanzu ba su san girman mutuwa ba. Baffa ya bari ya gama, sannan ya ce, "Alhaji, ni na ce a kunna. Yaya ta bar aiki a kan wuta, muna ƙarasa mata ne. In da laifi nawa ne." Duk wanda ya shigo ya ɗaga hanci, haka Baffa ya maimaita masa, har yamma. Mutumin da a rayuwarsa bai taɓa yarda ya yi kuskure a gaban Gwaggo ba.

Ba kowa ya gamsu ba, kuma ban ce dole su gamsu ba. Akwai dangin da har yau suke gaishe ni da ƙyar. Amma wajen azahar wasu daga cikin masu gaisuwar, matan da ta koyar, suka ajiye jakunkunansu suka zaga baya. Ita ma tsohuwar da ta tambaye ni gobara ce ko biki, da za ta tafi sai ta leƙa, ta tsaya tana kallo, ta ce wa wata yarinya, "Ke, ba haka ake bazawa ba, za su riƙe ruwa." Ta karɓi matsamin daga hannunta.

Ba duka muka ceto ba. Na ƙasan tsibin ya riga ya tafi, muka ware shi muka zubar, Mama tana juya kai gefe. Amma mafi yawa ya tsira. Da ya bushe aka fasa, aka daka, aka soya, aka niƙa, aka yi ta bugawa da ruwa har man ya taso. Ranar da aka kwashe na farko ya kwanta a ƙwarya, muka taru a kansa. Mama ta lakata da yatsa ta ɗanɗana, ta rufe ido. Ta ce, "Ƙawa, babu ɗaci." Da ita take magana, ba da mu ba.

Na ɗebi curi guda na kai wa Baffa, don gwiwoyinsa na damunsa da sanyi. Na same shi a bayan zaure a tsugune, yana zuba ruwa da buta a cikin wata tsohuwar jarka da aka yanke aka cika da ƙasa. Ya kewaye ta da ƙaya saboda awaki. A tsakiya ga wani ɗan abu ja-ja ya fara turo ƙasa. Ashe ƙwarar da na sa masa a hannu bai yar ba.

Na ce, "Baffa, ka san kaɗanya ba ta 'ya'ya da wuri. Sai yaro ya zama magidanci."

Ya ce, "Na sani. Ba ni zan ci ba." Ya ƙarasa zuba ruwan, ya miƙe da ƙyar yana dafa bango. "In daji ya yi lafiya, ki kai ta gona. Kin san inda kututturan suke. In ban kai ba, ke za ki kai."

Na ce zan kai.

Murahun suna nan, na sa an sake shafe su. Takalman roba suna jere a rumfa, na ƙara sayen wasu don matan sun ƙaru. Damina na zuwa, kuma ko an samu rakiya ko sai mun saya daga hannun masu shiga, ƙwara ba za ta kwana a gidan nan ba a dafa ba. Matan sun ce na fara leƙo mutane ta saman ido, ni da ba ni da gilashi.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata kurakuranta, ya yalwata mata kabari, ya sa abin da ta koyar da wanda ta ciyar su riƙa isa gare ta. Jarkar tana bayan zaure. Jiya na duba, 'yar kaɗanyar ta fitar da sabon ganye.